Keken ɗinkin wani malamin Mursal yana ɗakin mahaifinmu tun 1979, yaya za mu yi da shi?

Ɗan Mai Atamfa, Kusuri

Assalamu alaikum. Na daɗe ina leƙa zauren nan ina karanta na wasu, ban taɓa sa baki ba. Yau kam dole ce ta sa.

Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa bayan Babbar Sallah, nan Kusuri. Da aka share makoki aka zauna lissafin abin da ya bari, sai magana ta cije a kan wani keken ɗinki, Singer baƙi na ƙafa, wanda tun ina yaro yake kusurwar ɗakinsa lulluɓe da tsohon bargo. Ba wanda ya taɓa ɗinki da shi. Duk shekara in azumi ya kawo kai, Baba zai yaye bargon, ya goge shi, ya ɗiga masa mai, ya taka ƙafar sau biyu ko uku, ya mayar ya rufe. Yayata ta koyi ɗinki, ta roƙe shi har da kuka, ya ce na mutane ne. Ƙarshenta wani ya sayo mata a Marwa.

Abin da muka sani daga bakin Inna muka ji shi. Baba yana da rumfar atamfa a Babbar Kasuwar Njamena, babban birnin Chadi da ke tsallaken kogi daga nan, tun ana ce wa garin Fort Lami. Akwai wani malamin lekol, wato makarantar boko, ɗan ƙabilar Sara ta kudancin Chadi, Kirista, mazaunin unguwar Mursal, da yake ɗaukar wa matarsa atamfa bashi ya biya ƙarshen wata. Metir kawai Baba yake ce masa, wato malam da Faransanci. A watan Fabrairu na 1979, kwana kaɗan da fara harbe-harbe, Metir ya buga mana ƙofa da asuba, ya turo keken matarsa a amalanke, da ambulan ɗaya a hannunsa. Ya ce za su kudu, in ƙura ta lafa zai dawo ya karɓa. Bai dawo ba. Shekara ta zagayo yaƙi na biyu ya tashi, su Baba suka tsallako nan a kwalekwale. Inna ta ce dila biyu na atamfa ya bari a rumfa, amma keken nan sai da ya zauna ya kwance kan daga ƙafar ya shigar da su jirgi, ita kuwa tana ta faɗa, ga goyo a bayanta ga yara biyu a hannu.

Mun buɗe ambulan ɗin. Takardar shaidar koyarwarsa ce, da hoto ɗaya: shi da matarsa da yara uku a gaban wani gidan laka mai rufin kwano. Sunansa na jiki, da ƙauyen da aka haife shi wajen Kumra a kudancin Chadi, amma ba zan sa shi a nan ba. A tsohon kayen bashi na Baba kuma mun ga an rubuta da ajami, Metir na Mursal, sefa 18,500, ba a soke ba.

To, yayyena biyu sun ce bashi ya ci keke, shekara fiye da arba'in ba wanda ya zo, a sa shi cikin gado a wuce wurin. Ni zuciyata ta ƙi.

Tambayata biyu ce. Ta farko, ni a 1984 aka haife ni a nan Kamaru, lekol ba ta koya mana komai a kan wannan ba, Baba kuwa ko a rediyo aka ambaci Habre, tsohon shugaban Chadi, sai ya murɗe. Me ya faru ne har mutum ya gudu ya bar keken matarsa, kuma yaya aka yi mutanen da suka yanka juna suka dawo suna ciniki a kasuwa ɗaya? Ta biyu, keken nan.

Malamin Marwa

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Maganar keke na bar wa masu ilimin addini. Ni tarihi nake koyarwa a lise, bari in taɓa ta farkon.

Wutar 1979 ba ranar aka hura ta ba. Kai da kake Kusuri ma a kan tokar farko kake zaune: nan aka kashe Rabe a 1900, nan kuma kwamandan Faransa Lami ya mutu rana ɗaya da shi, shi ya sa aka laƙaba wa garin tsallake sunansa. Kafin zuwan Nasara, sarakunan Bagirmi da Wadai kudu suke zuwa kamun bayi, kuma mutanen kudu ba su manta ba, ko da mu mun so a manta. Da Faransa ta zauna sai reshe ya juye da mujiya. Kudu ke da ruwan sama, can aka tilasta noman auduga, can aka fi buɗe lekol, iyayenmu Musulmi kuwa suka ƙi ba da 'ya'yansu. Ranar 11 ga Agusta 1960 da aka ba da mulkin kai, yawancin masu riƙe da alƙalami 'yan kudu ne, shugaba Tombalbai shi ma Sara ne. Can ƙuryar arewa, Borku da Ennedi da Tibesti, sojan Faransa ne suka ci gaba da riƙo har 1965.

Tombalbai ya soke jam'iyyu sai tasa, ya tura wa arewa da tsakiyar ƙasa ma'aikatan da ba su jin yaren mutane, ana tatsar haraji da jangali fiye da kima. A 1965 talakawan Mangalme suka tayar wa masu karɓar haraji, jini ya zuba. A 1966 aka kafa ƙungiyar 'yan tawaye ta Frolina a Nyala ta Sudan, Ibrahim Abaca a gaba. Sojoji suka kashe Tombalbai a Afrilun 1975, Janar Malum ya hau, shi ma ɗan kudu. A Agustan 1978 ya jawo Hissen Habre daga daji ya naɗa shi firaminista, kowa da rundunarsa a cikin gari ɗaya. Zakara biyu a akurki ɗaya, wata shida suka iya.

Bayan faɗan Fabrairu an zauna a Kano a watan Maris, aka sake zama a Legas a watan Agusta, ƙungiya goma sha ɗaya kowace da bindigarta. Aka ba Gukuni Waddai shugabanci, Kanar Kamuge mataimaki, Habre ministan tsaro. An raba kujeru amma ba a karɓi bindigar kowa ba, saura kuwa ka san shi.

Ɗalibaina kan tambaye ni me ya sa Najeriya ta gama nata yaƙin cikin wata talatin, Chadi kuwa ta kasa. Amsata ita ce, a yaƙin Biyafara ɓangare biyu ne, ɗaya ya miƙa wuya a Janairun 1970, Gowon ya ce ba wanda ya ci ba wanda aka ci, soja ɗaya ya rage, baitulmali ɗaya, ga kuɗin mai ya shigo. Duk da haka ka tambayi Inyamuri labarin fam ashirin da aka ba masu ajiya a banki, da gidajensu na Fatakwal da aka ce an yasar, ka ji ko ya huce. A Chadi gwamnatin ce kanta ta tarwatse. Kamuge ya kwashi jandarmominsa ya koma Mundu yana mulkin kudu har 1982. Wa zai miƙa wuya ga wa? Duk wanda ya shiga fada da bakin bindiga ya shiga: Habre ranar 7 ga Yuni 1982, Idris Debi a Disambar 1990.

Ɗan Digel

Malam ka yi ƙoƙari amma ka bar jaki kana dukan taiki. Faransa da Gaddafi ne suka haɗa mu. Sojan Faransa suna cikin Njamena a 1979 suna kallo, Libiya kuma tun 1973 ta mamaye yankin Awuzu na arewacin Chadi tana raba makamai. Keke kuwa ku sayar ku yi wa tsohonku sadaka, mai shi ya daɗe da mantawa.

Tsohon Mahauci, Njamena

Jikana ne ya karanta mini, shi ne kuma yake danna mini wayar, in kun ga kuskure nasa ne.

Ɗana, Allah ya gafarta wa mahaifinka. Mai yiwuwa na san shi a ido, don mu ma Babbar Kasuwa muke, ta gefen mahauta. Kakana daga ƙasar Kano ya taso da niyyar Makka a ƙafa, guzuri ya ƙare masa a Lami, ya tsaya fawa ya tara na gaba, har ya mutu yana cewa baɗi zai wuce Abeshe. Da yawa daga cikin Hausawan garin nan haka muka samo asali. Ba mu da ƙungiya a cikin goma sha ɗayan da Malam ya faɗa, ba mu da kanar ba mu da janar, wuƙarmu ta fawa ce. Amma Musulmi ne mu, kuma a watan nan wannan kaɗai ake dubawa.

Ranar Litinin ce, 12 ga Fabrairu. Shekarata goma sha tara. Da safe muka ji harbi ta wajen Lise Feliks Ebuwe, muka ce rigimar 'yan makaranta ce, yanzu jandarma za su kore su. Kafin azahar manyan bindigogi suka fara magana. Ranar sa biyu babana ya yanka. Muka ɗauko abin da za mu iya a kai muka gudo gida, ya ce a bi maƙwabta a raba kafin ya ɓaci, har gidan 'yan hayarmu Sara biyu aka kai. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Abin da ya kori Metir ɗinku na gan shi da idona. An sa shinge a layuka, a tsayar da kai a ce yi magana, a dubi tsagen fuskarka. A layinmu akwai wani ma'aikacin gidan waya, kullum hanta yake saya a wurina, yana ce mini karamin Alhaji. Aka fito da shi daga ɗakin haya da singileti. Yaro na Digel, ka ce Faransa da Gaddafi, ban musa maka ba, sun kawo itace sun kawo kananzir. Amma waɗanda suka nuna ƙofar mutumin nan ba Nasara ba ne ba Larabawan Libiya ba ne, ba ma kombata, wato mayaƙan ƙungiyoyin nan, ba ne. 'Yan unguwa ne, na san iyayensu, da ɗayansu mun yi makarantar allo tare. Ni kuma ina tsaye a bakin zaure ban ce uffan ba. Ina da abin da zan faɗa wa Ubangiji a kan wannan, tsoro ne, ban san ko zai isa ba.

'Yan kudu suka fita dubun-dubata, a manyan motoci, a keke, a ƙafa, ta Shagwa suka miƙa. 'Yan hayarmu da dare babana ya raka su har inda ya ji ba zai iya wucewa ba. Ofisoshi suka koma kango, lekol ba malamai, asibiti ba masu allura. Sannan labari ya dawo mana na abin da aka yi wa Musulmi a garuruwan kudu, Mundu da Sar, sai masu zuga suka ce kun gani ko.

Wanda duk ya ce maka yaƙin addini ne zalla, ka tambaye shi na 1980. A watan Maris aka fara, har Disamba, wata tara. Gukuni da Habre duka Tubawa ne, duka masu salla, kuma wannan faɗan shi ya rushe garin, na farkon wasa ne a kansa. Gari ya rabu biyu, harsashin igwa ba ya tambayar sunanka. A lokacin babu gadar Ngeli da ta haɗa Njamena da Kusuri, sai kwalekwalen Kotoko, kuɗin fito kuwa kullum sai ya ƙaru, wanda ba shi da kuɗi ya ba da agogo ko zoben matarsa. Don haka da ka ce babanka ya sa keken ɗinki a jirgi, na san kuɗin mutum guda ya biya masa, ko fiye. Innarka tana da gaskiyar yin faɗa.

Mun fi dubu ɗari a Kusuri, garin da a lokacin bai taka kara ya karya ba. A gindin bishiya muka kafa teburin fawa, akuya ɗaya mu yini muna sayarwa. Da magariba mutane su jeru a bakin kogi suna kallon wuta na tashi a tsallake, kowa yana lissafin ko unguwarsu ce. Wani tsoho kusa da mu kullum sai ya ce yau kam Ambasatna ce, gobe ma ya ce Ambasatna ce. Har tankokin Gaddafi suka shigo a Disamba, Habre ya fita, shi ma ta ruwan nan da muka bi.

Mun koma a 1981. Gidanmu bango kawai muka tarar. Ba kwano, ba ƙyaure, ba taga, har wayar lantarki an zare daga jikin bango. Bayan sati biyu babana ya ga ƙyauren zaurenmu a kasuwa an jingine ana sayarwa, ya gane shi da wani ƙona da wana ya yi masa da dalma yana yaro. Ya taya, aka yi ciniki, ya biya, muka ɗauko a kai. Na ce Baba namu ne fa. Ya ce ka dubi abin da ke ƙarƙashin tabarmar mai sayarwa.

Ka tambaya yaya aka dawo. Kasuwa ce ta fara dawowa, gwamnati daga baya ta biyo. Mai shayi ya kafa teburinsa a gaban kango, mata suka kawo kifi daga kogi, mu muka rataya nama, masu fito suna shigo da sukari da sabulu da kwano daga Kusuri. Da Habre ya karɓi gari ya ga yana da bindiga ba shi da alƙalami. Kombatansa sun iya tuƙa Toyota a rairayi, amma wa zai rubuta takardar albashi, wa zai koyar da lissafi? Dole aka nemi 'yan kudu su dawo bakin aiki. Suka dawo, a kan rabin albashi, a cikin rabin ma ana cire na taimakon yaƙi. Ba don sun yafe ba ne, yunwa ce da 'ya'ya, mu ma ba don mun tuba muka yi murnar ganinsu ba, masu sayen nama ne suka dawo.

Ina tuna ta farko da ta tsaya a teburina, wajen 1983, wata mata ce daga Shagwa da nake sayar wa tun kafin yaƙi. Ta rame. Muka gaisa da Larabci, afe, afe. Ta nuna ƙashin miya, na faɗi kuɗi, ta rage, na sallama, na ƙara mata gyara mai yawa har ta ɗago ta dube ni. Da can da mijinta take zuwa ranar Asabar. Ban tambaye ta ina yake ba, ita ma ba ta tambayi wana ba. Shekara ashirin tana saye a wurina bayan nan, maganar ba ta taɓa tashi ba. Sulhun da na gani da idona ke nan, in akwai wani a takarda ban gan shi ba.

Ko da muna son magana ma ba hali. Zamanin DDS ne, 'yan sandan sirrin Habre, bango yana da kunne, kuma kunnen har Kusuri yana kaiwa, shirun babanka can ya samo shi. An yi wa kudu ɓarna a Satumbar 1984, aka juya kan ƙabilar Hajarai a 1987, aka juya kan ƙabilar Zagawa a 1989. Akwai wani tsohon wurin wankan Nasara da aka rufe samansa da siminti aka mayar kurkuku, Pisin ake ce masa, ko sunan ba ka faɗa da ƙarfi. Da Debi ya shigo ya ce bai kawo mana zinariya ko azurfa ba, 'yanci ya kawo. Aka kafa kwamitin bincike ya ce mutum wajen 40,000 suka hallaka a zamanin Habre. A 1993 aka yi babban taron ƙasa, wata uku ana magana muna ji a rediyo. Mai ya fito a Doba a 2003, aka zuba kwalta aka yi benaye. A Fabrairun 2008 kuma, da faɗa ya sake tashi a garin, sai ga ni a kan gadar Ngeli ina gudu da jikoki, da furfurata, na ce ashe gadar ma don wannan aka gina mana ita.

Na ce ka riƙe maganar 'yan hayarmu. Tun daga daren da babana ya raka su, ba a sake samun ɗan kudu ya kama haya a gidanmu ba, ba mu hana ba, ba su zo ba. Su suna Mursal da Shagwa da Waliya, mu muna namu gefen, da rana a haɗu a kasuwa da ofis, da dare kowa ya koma cikin danginsa. Jikan nan nawa yana da abokai can, tare suka yi jami'a, yana kwana a gidajensu. Uwarsa ba ta barci sai ya dawo.

Keke kuwa, kada ka saurari mai cewa a sayar. Ka wanke hoton nan da takardar, ka zo da kwafi, ka bar na ainihi a gida. Tsofaffin malaman lekol suna taruwa wajen karɓar fansho, sun san juna kamar yunwar cikinsu. In ba a dace ba, ranar Lahadi mu tsaya a bakin coci a Mursal bayan an tashi, mu nemi mutanen Kumra. Sara ba sa ɓace wa juna, wajen zumunci kamar mu suke. Ka zo ka same ni, ni zan shige maka gaba, furfura tana buɗe ƙofa. Jikana zai tura maka lamba ta akwatin sirri.

Hajiya 'Yar Mundu, Garwa

Baba Mahauci, Allah ya saka da alheri da ka faɗi gaskiya a kan unguwarku. Bari in faɗi ta tamu.

A Mundu aka haife ni, babana goro da kayan koli yake sayarwa, Ngambai nake ji kamar Hausa. Ina da shekara goma sha ɗaya. Da motocin 'yan gudun Njamena suka fara isowa, kowa da labarin wanda aka kashe masa, sai gari ya canza mana fuska. Babana da yayana sun fita da safe su rufe shago da kyau su dawo. Har yau ba mu san inda aka binne su ba.

Wadda ta ɓoye mu maƙwabciyarmu ce, mai dafa giyar dawa. Innata ko ruwa ba ta sha a ƙwaryarta, in 'ya'yanta suka taɓa mana kwano sai an wanke sau uku. Ita ce ta tura mu ɗakin da take jera tulunan giya, mu biyar, kwana huɗu, ta zauna a bakin ƙofa tana zagin duk wanda ya leƙo. Ɗanta ne ya samo mana motar da ta fitar da mu, ta Kelo da Pala da Lere har Figil. Warin ɗakin nan har gobe yana hancina, kuma Innata har ta rasu tana sa matar a addu'a, tana cewa ita dai ba ta san hukuncin ba amma ba za ta bari ba.

Gidanmu da shagonmu ba wanda ya ajiye mana. Ba wanda ya ɗiga wa kayanmu mai. Da na fara karanta tambayarka, ɗana, sai da raina ya ɓaci, na ce su wa ya mayar mana da namu. Na ajiye wayar na yi salla sannan na dawo.

Da aka yanke wa Habre ɗaurin rai da rai a Dakar a 2016 na taya waɗanda suka sha wahalarsa murna, sun yi shekara da shekaru suna bi. An yanka musu diyya sefa biliyan 82, abin da ya kai hannunsu bai kai a faɗa ba, shi kuma ya mutu a 2021. Amma kotun nan daga 1982 ta fara lissafi zuwa 1990. Mu na 1979, da mu da su, ba mu da kotu, ba mu da ranar tunawa, ba mu da ko kabari.

Kada ka sa rai za a rungume ka. Wataƙila mutumin bai ma kai Kumra ba. Wataƙila 'ya'yansa su dube ka su ga waɗanda suka kore su. In haka ta faru ka haƙura, suna da dalilinsu. Keken ma wataƙila ba zai dame su ba. Hoton nan dai ka kai musu. Ni ba ni da hoton babana ko ɗaya, fuskarsa ta fara ɓace mini tun ina budurwa.

Almajirin Malam, Marwa

Allah ya jiƙan mamatanmu. A taƙaice, ajiya ba ta shiga gado, daɗewa ba ta mayar da ita halal, kuma addinin mai ita ba ya canza hukuncin. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da zai yi hijira ya bar Sayyidina Ali a Makka ya mayar wa mutane ajiyarsu, alhali cikin garin ake neman ransa. Maganar bashi ya ci keke tana tsayawa ne in jingina aka ba da shi, a bayanin Innarku kuwa ajiya ce. Bashin daban yake, hakkin magada ne, ku nema ko ku yafe. Ku yi iyakar ƙoƙari wajen neman shi ko magadansa. In an yanke ƙauna, sai ku koma wurin malamin da ya raba muku gado ya faɗa muku yadda za a yi sadaka da shi a madadin mai shi.

Ɗan Mai Atamfa, Kusuri

Na gode, Allah ya bar zumunci. Hajiya, Allah ya jiƙan Baba da Yaya, ban san abin da zan ce miki ba bayan wannan.

Jiya da dare na karanta wa Inna duka. Da na zo wurin kuɗin fito sai ta yi dariya ta ce ai na mutum biyu aka karɓa, kai daban ƙafa daban. Sannan ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa mana ba: Baba ya je Mursal neman Metir sau biyu, a 1983 da kuma bayan faɗuwar Habre. Na farko ya tarar da gidan ba rufi, na biyu ya tarar da wasu mutane a ciki da suka ce ba su san shi ba, suna yi masa kallon ɗan leƙen asiri, bai sake komawa ba. Ta ce tumuninta na cikin 18,500 ta yafe, kuma duk wanda ya taɓa keken nan ba da yawunta ba. Babban yayanmu ya sauko. Na biyun yana nan yana gunaguni, ya ce kuɗin motar da zan kashe ya fi kuɗin keken, kuma da gaskiyarsa.

Na kai hoton an wanke mini guda biyar. Baba Mahauci, na ga lambar, in Allah ya kai mu Asabar da safe zan tsallako, in kwana wurin ɗan'uwanmu, Lahadi mu je Mursal ɗin. Wane goro kake ci, fari ko ja?

Sai wata 'yar tambaya ga masu bin gadar Ngeli da kaya. In Allah ya sa an dace, yaya zan yi da 'yan duwan, wato kwastan? Keken ba shi da rasit, kuma ta ruwa ya shigo Kamaru.